Tambaya da amsa: An ce bashin ƙasa bai kai matakin haɗari ba, in kwantar da hankalina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni akanta ne, saura shekara huɗu in yi ritaya. Mafi yawan kuɗin fanshona suna cikin takardun lamunin gwamnati, haka ma ɗan abin da na tara da guminina. Kowace shekara sai an kawo kasafi mai giɓi, kowace shekara sai an ƙara ciyo bashi. Da an yi ƙorafi sai jami'ai su ce bashin bai kai rabin GDP ba, wato jimillar abin da tattalin arzikin ƙasa ke samarwa a shekara, ga Japan da Amurka can sun haura kashi ɗari kuma babu abin da ya same su. Wani abokin aikina ma cewa yake yi gwamnati ba ta tsiyacewa tunda ita ke buga kuɗi. Wallahi abin ya fara hana ni barci. Wannan hujja tasu ta isa a dogara da ita? In ba ta isa ba, me zan duba in gane ko kuɗina na cikin haɗari?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka ritaya lafiya. Damuwarka tana kan hanya, kuma hujjar da ake ba ka ba ta isa ka kwanta a kanta ba. Zan daɗe a kan maganar GDP ɗin nan, domin babu ranar da ba na cin karo da ita, daga bakin minista har zuwa masu sharhin da ba su taɓa buɗe rahoton aiwatar da kasafi ba.

Kai akanta ne, ka san kamfani da kuɗin da suka shigo asusunsa yake biyan banki. Cinikin da ake yi a kasuwar da yake zaune ba nasa ba ne. GDP shi ne cinikin kasuwar gaba ɗaya: amfanin gonar manomi, ribar ɗan tireda, albashin likita. Abin da gwamnati ke da iko a kai shi ne ɗan abin da ta iya tarawa na haraji da sauran kuɗin shiga, kuma daga nan kaɗai ake biyan masu bin ta bashi.

Ɗauki ƙasa biyu, kowacce GDP ɗinta 100, bashinta 40. Ta farko tana tara kuɗin shiga 30, tana biyan ruwan kashi 3 cikin ɗari. Ruwanta a shekara 1.2 ke nan, wato kashi 4 cikin ɗari na abin da ta tara. Ta biyu tana tara 8 kacal, masu ba da rance kuma sun sa mata kashi 12. Ruwanta 4.8, wato kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shigarta, tun ba a taɓa uwar bashin ba, ba a biya albashi ko ɗaya ba, ba a sayi allura ko ɗaya a asibiti ba. A takardar da minista zai ɗaga, dukkansu "kashi 40 na GDP" ne. Amma ta biyun ta riga ta kai inda sai ta ci sabon bashi kafin ta biya ma'aikata.

Yanzu ƙara mata abu ɗaya. A ce rabin bashin nan, 20, na dala ne, sai darajar kuɗin ƙasar ta faɗi da rabi. Wannan 20 ɗin ya koma 40 a kuɗin gida, jimillar bashi ta koma 60, alhali ba a ranto ko sisi ba. Haka ya faru a Ajantina. A 2001 bashinta wajen rabin GDP ne, adadin da ake ce maka babu komai a cikinsa. A watan Disamba na shekarar ta daina biya, aka taƙaita wa mutane abin da za su iya cira daga asusunsu zuwa peso 250, kuɗin ƙasar, a mako. Da aka saki peso a 2002, daga ɗaya da ɗaya da dala ta koma sama da uku, bashin ya tashi zuwa kusan kashi 150 cikin shekara guda. Habasha ma bashinta wajen rabin GDP ne lokacin da ta nemi a sake tsara mata biya a 2021, kuma a Disamban 2023 ba ta biya ruwan dala miliyan 33 na takardar lamuninta ta dala biliyan 1 ba. Dala ce ta yi mata ƙaranci, harajin da take tarawa kuma bai kai kashi 10 na GDP ba. Najeriya a 2022 bashinta bai kai kashi 40 ba, amma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hidimar bashi ta cinye wajen kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a wannan shekarar.

Akwai wani abin da ya fi wannan nuna raunin ma'aunin. A 2014 Najeriya ta sabunta hanyar lissafin GDP ɗinta, adadin ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa biliyan 510. Ghana ta yi irin wannan a 2010, nata ya ƙaru da wajen kashi 60. Sabunta lissafin aiki ne na gaskiya, ba maguɗi ba ne. Amma ka lura da abin da ya haifar: dare ɗaya "nauyin bashi" ya ragu kusan rabi a takarda, ba a biya kowa ba, kuɗin da ke shiga baitulmali kuma suna nan yadda suke. Ma'aunin da ma'aikatan ƙididdiga za su iya rage shi a ofis ba tare da an biya bashi ba, ta yaya zai zama shi ne abin da za a kwantar wa mai jiran fansho hankali da shi?

Sai Japan, wadda kullum ake jawowa. Gaskiya ne bashinta ya kai wajen kashi 250 na GDP. Amma kusan dukkansa na yen ne, kuɗinta. Mafi yawansa 'yan ƙasar ke bin sa, babban bankin Japan shi kaɗai yana riƙe da kusan rabi. Ta yi shekara da shekaru tana biyan ruwa dab da sifili, gwamnati tana tara sama da kashi 30 na GDP, kuma Japan tana cikin ƙasashen da suka fi bin duniya bashi. Wanda zai kwatanta ƙasarsa da ita, sai ya nuna maka wane ne daga cikin waɗannan yake da shi. Amurka kuwa da dala take rance, kuɗin da duniya ke ajiya da shi take ciniki da shi, duk da haka a shekarar kuɗi ta 2024 ruwan bashinta ya zarce abin da ta kashe kan tsaro. Su ma abin ya fara cizon su.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jami'an da ke maimaita wannan magana sun san duk abin da na faɗa. A ofisoshinsu ake haɗa alƙaluman. Ko ma'aunin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Bankin Duniya ke amfani da shi wajen auna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bai tsaya kan GDP ba. Yana duba hidimar bashin waje a kan kuɗin shiga, kuma iyakar da ya sa kashi 14 ce ga ƙasa mai raunin hukumomi, 18 ga matsakaiciya, 23 ga mai ƙarfi. Wannan layin ba a karanta wa jama'a shi. Ana zaɓo adadin da ya fi daɗin ji, a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, yana cikin kowa, amma ba kowa ne ke zuba kashi 60 ko 90 na abin da ya samu wajen biyan ruwa ba.

Ko adadin bashin kansa ba kullum yake gaskiya ba. Girka ta ba da giɓin kasafi na 2009 da bai kai rabin abin da yake ba. Sabuwar gwamnati ta ce kashi 12.7 ne na GDP, daga baya aka tabbatar ya haura 15. Mozambik ta tsaya wa wasu kamfanoninta uku rancen wajen dala biliyan 2, mafi yawansa a ɓoye, asiri ya tonu a 2016, masu ba da tallafi suka janye, ƙasar ta kasa biya. A Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗi ta Sanagal ta gano cewa bashin ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 na GDP, ba wajen 74 da aka sanar ba. Bayan irin wannan ɓoyon akwai nauyin da dama ba a rubuta shi a matsayin bashi: kuɗin 'yan kwangila da aka ƙi biya, fanshon da ya taru, lamunin da gwamnati ta tsaya wa kamfanin lantarki ko na mai, da rancen da aka jingina ɗanyen mai ko ma'adinan shekaru masu zuwa. Sukuk ma, wato takardar lamuni ta tsarin Musulunci, duk da bambancin tsarinsa, hayarsa daga wannan aljihun ɗaya ake biya, don haka sai an lissafa da shi.

Maganar abokin aikinka rabinta gaskiya ce. Gwamnatin da ke cin bashi da kuɗin ƙasarta za ta iya biyan kowace takarda idan babban banki ya buɗe mata famfo. Abin da ba ta iya yi shi ne ta tabbatar kuɗin da ta biya ka za su sayi abin da suke saya ranar da ka ba ta. Idan takardarka tana ba ka kashi 15 a shekara, farashi kuma yana tashi da kashi 30, raba 1.15 da 1.30 ka ga 0.885. Ka yi asarar sama da kashi 11 cikin ɗari na ƙarfin kuɗinka a shekara ɗaya, kuma a takarda an biya ka cif. Shekara huɗu a haka, kusan kashi 40 sun tafi. Wannan zaftarewa ce da ba a sanar da ita, kuma mai albashi da mai fansho ne ke ɗauka, domin mai gida da mai fili da mai dala sun tsira. Shi ya sa dokoki ke ɗaure hannun babban banki. Dokar babban bankin Najeriya ta 2007 ta taƙaita rancen wucin gadi ga gwamnati zuwa kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma aka bar shi ya taru har naira tiriliyan 22.7, a 2023 aka mayar da shi takardun lamuni na shekara 40. Ƙarshen wannan hanya, in ba a tsaya ba, shi ne Zimbabwe, wadda a farkon 2009 ta fitar da takardar kuɗi ta dalar Zimbabwe tiriliyan 100. Dalar Amurka kuwa babu ƙasar da ke iya buga ta sai Amurka, saboda haka ga bashin waje hujjar ba ta da amfani ko kaɗan.

Game da giɓi, abin dubawa shi ne giɓin asali, wato giɓin da ya rage bayan ka cire ruwan bashi daga kashe-kashe, sannan ka kwatanta ruwan da ake biya da saurin girman tattalin arziki. A ce bashi kashi 60 ne, matsakaicin ruwa 12, GDP kuma yana girma da kashi 8 haɗe da hauhawar farashi. Tazarar 4 ce. Ninka 60 da 0.04, raba da 1.08, za ka samu wajen 2.2. Ma'ana ko gwamnati ba ta kashe fiye da abin da ta tara ba a kan sauran harkoki, bashin zai riƙa ƙaruwa da maki 2.2 duk shekara. Kafin ya tsaya cak sai ta samu rarar kashi 2.2 na GDP, kuma ga ƙasar da ke tara kashi 9, wannan kusan rubu'in kuɗin shigarta ne. A nan bashi ke fara ciyar da kansa: ana rance don a biya ruwan rancen bara.

Kuma ƙasa ba ta faɗuwa ranar da bashinta ya kai wani adadi. Tana faɗuwa ranar da tsohon bashi ya nuna, wato wa'adin biyansa ya cika, ta fita neman sabo don ta biya shi, ba ta samu mai ba ta ba. Zambiya ta sayar da takardun lamuni na dala biliyan 3 tsakanin 2012 da 2015 lokacin da rance ke da arha, a Nuwamban 2020 ta kasa biyan ruwan dala miliyan 42.5. Sri Lanka ta rage harajin kayayyaki daga kashi 15 zuwa 8 a ƙarshen 2019, kuɗin shiga suka faɗi zuwa wajen kashi 8 na GDP, ruwa ya riƙa cin kusan kashi 70 nasu, kasuwa ta rufe mata ƙofa, ta riƙa biya daga asusun ajiyarta na waje har ya ƙare. A Afrilun 2022 ta dakatar da biya, mai da magani suka yanke, a Yuli shugaba Gotabaya Rajapaksa ya gudu daga ƙasar. Da babban bankin Amurka ya ɗaga ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 a 2023, ƙasashe da yawa sun tarar ƙofar ta rufe musu ba tare da sun canza komai a gida ba. Ko Birtaniya ba ta tsira ba: a ranar 23 ga Satumba 2022 aka sanar da rage haraji na fam biliyan 45 ba tare da faɗin inda za a cike gurbin ba, farashin takardun gwamnati ya rushe, asusun fansho suka shiga tsaka mai wuya har Bankin Ingila ya shigo ranar 28, wata guda bai cika ba firaminista Liz Truss ta sanar da murabus.

Tun kafin a kai ga rikici ma ana jin jiki. Bankin da zai samu kashi 20 daga gwamnati ba tare da wahala ba, me zai kai shi ba mai masana'anta rance? Kasafin ayyuka shi ake fara yankewa, saboda ruwa da albashi ba sa jira. Hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da ke kashe wa ruwan bashi fiye da abin da suke kashe wa ilimi ko lafiya. Ba ina cewa duk rance sharri ba ne. Wanda aka gina tashar lantarki ko tashar jiragen ruwa da shi, ya dawo da fiye da ruwansa, kuma a irin kuɗin da aka ranto, yana da hujja. Wanda aka biya albashi da tallafi da shi ya ƙare a shekarar, biyansa kuma ya rage wa yaran da ba a shawarce su ba.

Sai abin da ya shafe ka kai tsaye. Ghana ce misali mafi kusa da tsoronka. A ƙarshen Oktoban 2022 shugaba Nana Akufo-Addo ya tabbatar wa jama'a ba za a zaftare kuɗin masu zuba jari ba. A Disamba, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54, aka kawo shirin musanya takardun cikin gida. Tayin farko shi ne babu ruwa ko kaɗan a 2023, kashi 5 a 2024, kashi 10 daga 2025, wa'adin biya kuma a ja shi gaba da shekaru. Uwar kuɗin ba a taɓa ta a suna ba, amma wanda ya dogara da ruwan don cefane da magani ya san abin da aka yi masa. Tsofaffi suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har tsohuwar babbar jojin ƙasar, Sophia Akuffo, ta zauna tare da su a Fabrairun 2023. An ware asusun fansho daga zagayen farko bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki, daga baya aka yi musu nasu musanyen. Takardun baitulmali na gajeren zango kuwa ba a taɓa su ba, domin da su gwamnati ke numfashi. A Girka a 2012 an zaftare kashi 53.5 na uwar kuɗin kai tsaye, asusun fanshon ƙasar na cikin waɗanda suka yi asara. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga yadda za ka auna ƙasarka da kanka, aikin yamma ɗaya ne ga akanta. Kada ka ɗauki kasafin da aka gabatar wa majalisa, domin a cikinsa ake kumbura hasashen kuɗin shiga don giɓi ya fito ƙarami. Nemi rahoton aiwatar da kasafi na shekarar da ta ƙare. Raba ruwan da aka biya da kuɗin shigar da aka samu a zahiri, ka yi haka na shekara biyar a jere, domin inda adadin ya dosa ya fi adadin kansa muhimmanci. A ganina idan ya wuce kashi 30 kuma yana hawa, ka ɗauka akwai matsala komai aka faɗa. Daga rahoton ofishin kula da bashi ka fitar da kason da ke cikin kuɗin waje, da abin da zai nuna cikin wata 12. Haɗa wannan na biyun da giɓin bana ka raba da GDP, shi ne abin da dole gwamnati ta samo a kasuwa a shekarar. A ƙasashe masu tasowa an daɗe ana ɗaukar kashi 15 a matsayin alamar gargaɗi. Duba ajiyar kuɗin waje, ko ta kai ta shigo da kaya na wata uku bayan an cire abin da babban banki ya riga ya yi alkawarinsa. Duba asusun babban bankin, ka ga ko bashin da gwamnati ke ci a wurinsa yana kumbura. Sannan ka bi sakamakon gwanjon takardu: idan gwamnati ta nemi 100 aka kawo mata 70, ko ta daina samun masu sayen na shekara 10 ta koma kan na kwana 91 da 182, masu kuɗi sun riga sun fara ja da baya.

Kan kuɗinka kuwa, kada ka sayar da komai cikin firgici, domin sayar da doguwar takarda lokacin da ruwa ya tashi asara ce nan take. Abin da ke hannunka ka rarraba wa'adinsa, wani shekara ɗaya, wani biyu, wani uku, yadda ba zai nuna a lokaci guda ba, kuma wanda za ka buƙata a shekara biyun farko na ritaya kada ya zauna a doguwar takarda. Ka ware wani kaso a abin da ba ya narkewa tare da kuɗin ƙasa, gwargwadon abin da doka ta yarda. Ka tuna ajiya a banki ba lallai ta raba ka da haɗarin ba, tunda bankunan su ma takardun gwamnati suka tara. Ka rubuta wa kamfanin da ke kula da fanshonka takarda, ka nemi ya ba ka a rubuce kashi nawa na asusunka ke hannun gwamnati, matsakaicin wa'adin takardun, ribar shekara biyar da suka wuce bayan an cire hauhawar farashi, da kuma ko tsarin ya ba ka damar komawa wani rukunin asusu kafin ranar ritayarka.